Ƙafar Baba ta Hagu

Sai da na shekara talatin da huɗu a duniya, da aurena da 'ya'yana biyu, kafin na ga ƙafar mahaifina ta hagu. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, ya ce ina zuzutawa. Ba zuzutawa ko kaɗan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙafafun jama'a, yana auna su, yana yi musu faɗa, tasa ƙafar ba wanda ya taɓa gani sai mahaifiyarmu.

Gyaran takalma ne sana'arsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Benci ɗaya ne a ciki, da gwangwanayen ƙusa, da basilla uku a soke a jikin katako, da wani ƙarfe mai siffar ƙafa da yake kifa takalmi a kai in zai buga. Warin gam da na fata ya kama komai nasa, har rigarsa ta zuwa coci. Yau ɗin nan in na wuce inda ake shafa gam, sai in ji kamar in leƙa in ce, "Baba, sannu da aiki." Kowa a layin Baba Mai Takalmi yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu sauri haushi. In ya gama gyara, ba zai miƙa maka takalminka ba sai ya zura hannu ciki, ya rufe ido, ya laluba daga dunduniya har wajen yatsu, sau biyu. Ka yi ta tsalle kana cewa, "Baba, mota za ta tafi ta bar ni!" sai ya ce, "Ta tafi mana. In bakin ƙusa ya leƙo, kai zai kwantar, ba motar ba." Ga shi da karanta takalmi kamar wasiƙa. Ya taɓa ce wa wata budurwa, "Yarinya, wannan ba naki ba ne, na yayarki ne. Tsaya in gyara ki mayar kafin ta dawo." Yarinyar kamar ta nutse.

Nasa takalmin kuwa kullum iri ɗaya ne, baƙi, sau-ciki, mai igiya. Shi yake ɗinka abinsa da zare zalla, babu ƙusa ko ɗaya, ya shimfiɗa roba mai laushi a ciki. Da safa, ko ana zafin da kare ke zaro harshe. Daga wanka ma da takalminsa a ɗaure yake fitowa. Muna yara mukan ce da takalmi aka haifi Baba, Mama ta ce, "Ku ƙyale min mijina, ɗan gayu ne, ba irinku ba."

Kowace yamma in ya rufe shago ya dawo, kafin a zuba abinci, Mama takan ɗumama ruwa ta zuba a wani farin daro mai shuɗin baki, wanda ya ɗan ɓantare a gefe. Ta ɗauki tawul da kwalbar man shafawa, ta shige ɗakinsu ta sa sakata. "Hira zan yi da mijina," takan ce, "wanda ya ƙwanƙwasa ba nama a kwanonsa." Rabin awa suke yi, wani lokacin mu jiyo dariyarsu. Mun ɗauka gata ne kawai take yi wa mai gajiya. Da na yi aure har tsokanar maigidana nake yi, ina ce masa kada ya sa rai da irin wannan a wurina. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina me ya sa sai an sa sakata ba.

Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, shi ne makon da Baba ya fi so, shi ne kuma ya fi shan wahala a ciki. Kowa yana so ya shiga coci ranar Lahadin Tashi, ranar da Almasihu ya tashi daga matattu, da takalmi mai ƙyalli, saboda haka daga Litinin takalma za su taru a shagon har ƙofa. Zai yi ta bugu har Alhamis da rana. Amma ranar Juma'a, ranar da aka gicciye Almasihu, Baba ba ya taɓa guduma. Ko dunduniyar takalminka ta fita a ƙofar shagonsa, sai dai ya ɗinke maka da zare, ko ka dawo Asabar. "Ranar da aka buga wa Ubangijina ƙusa, ni ba na buga ƙusa," iyakar bayaninsa ke nan. Layin yakan yi wani irin shiru a ranar, har mai aski, wanda ba addininmu ɗaya ba, yakan ce kunnensa na neman gudumar Baba.

Mama ce mai yi mana bayanin makon, tana guga tana magana. Takan ce duk shekara mutum yana ƙoƙarin nuna wa Allah abin da ya iya, ya yi waƙa, ya ba da baiko, wato sadakar coci, ya ziyarci marasa lafiya, amma wannan makon na zama ne a yi maka abin da ba za ka iya yi wa kanka ba. Ni a lokacin sabuwar rigata ce a raina, sai in ce "to" kawai don ta gama gugar.

Ranar Alhamis da yamma ake wankin ƙafa. Ana tunawa ne da yadda Almasihu, kafin a kama shi, ya ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa kamar bawan gida. A cocinmu ana zaɓen mutum goma sha biyu, a karanta sunayensu tun ranar Lahadin ganyen dabino, wadda ke buɗe makon, su zauna a jere a gaba, Fasto ya bi su ɗaya bayan ɗaya da daro.

To, nan ne abin dariyar yake. Duk wanda aka kira sunansa, daga ranar ya shiga aikin ƙafa. A jiƙa, a dirje da dutsen kaushi, a yanke farce, a shafe da mai. Akwai wani dattijon coci, Mai Kanti muke ce masa, da har hoda yake barbaɗawa. Wani direba kuma ya taɓa jiƙa tasa a sabulun wanki har ta saɓule. Wasu tasi suke hawa zuwa coci kada ƙasa ta taɓa su. Ba zan yi musu dariya da yawa ba, don shekarar da aka kira sunana ni ma kwana uku na yi ina dirza. Wa zai yarda Fasto ya ga fasonsa?

Baba shi ne mai ruwa. Shi zai cika buta, ya riƙe daro yana bin Fasto, ya jera takalman mutanen a gefe, in ya sami sarari ya bi su da burushi. In an gama, shi zai kai ruwan bayan coci ya zubar. Shekara da shekaru Fasto yana roƙonsa ya zauna a kujera ko sau ɗaya, shi kuwa amsarsa ɗaya: "Baba Fasto, in na zauna wa zai ɗebo maka ruwan?" In an zo Jibin Ubangiji kuma, inda muke shan ƙoƙo ɗaya mu duka, Baba ne na ƙarshe a layi, kullum. Mutane suna yabonsa da tawali'u. Ni ma ina ta hura hanci da hakan, wai ubana waliyyi ne.

Mama ta rasu makonni kaɗan kafin a fara azumin kwana arba'in da ke kaiwa ga Ista, a shekarar da na cika talatin da huɗu. Jinyar kwana shida ta yi. Bayan jana'iza na ga Baba ya kife farin daron a ƙarƙashin gado. Ina koyarwa a firamare a lokacin, saboda haka kullum in an tashi sai in biya in dafa masa abinci. Wata rana na ce, "Baba, in ɗumama maka ruwa kamar yadda Mama take yi?"

"A'a, Uwata, bar shi." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ban matsa ba, na ɗauka kewa ce. Amma azumi na yin nisa na fara ganin abubuwa. Ya hana ni wanke masa safa. Ya sassauta igiyar takalmin hagu, daga baya ma ya tsaga gefensa ya sa faci. Zazzaɓi yana kama shi da yamma. Ga wani wari a ɗakin, wanda warin gam bai iya rufewa ba. Rannan ina shara na zaro wata safa daga bayan ƙofa, ta bushe ƙam da jini da mugunya.

Allah ya yi ni da gajen haƙuri, wannan kowa ya sani. Ban jira komai ba, na tarye shi a tsakar gida da safar a hannu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Safa ce."

"Na ga safa ce! Cire takalmin in gani."

"Uwata, ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba, duk da sunan."

"To mu je wurin Nas." Nas malamar asibiti ce da muke coci ɗaya, kowa wurinta yake zuwa.

"Ba inda za ni."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na san abu ɗaya dai, ƙafar nan tana ruɓewa a cikin takalmi, in ba a buɗe ta ba ko dai a yanke ta ko ta tafi da shi gaba ɗaya. Na rasa uwa, ban shirya rasa uba a shekara ɗaya ba.

Sai na yi dabara irin ta marasa haƙuri. Na sami Fasto na ce ya sa sunan Baba cikin goma sha biyun bana. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "'Yata, shekara ashirin da shida ina roƙonsa." Na ce, "Kada ka roƙe shi, Baba Fasto. Ka karanta sunan kawai a gaban jama'a." A lissafina kunya za ta sa ya zauna, in ya cire takalmi Nas za ta gani, shi ke nan. Ranar Lahadin dabino aka karanta. Kwana biyu ko gaisuwata bai amsa ba.

Ranar Laraba na kai masa abinci shago. Takalman Ista sun cika ko'ina. Bai ɗago ba ya ce, "Turo ƙofar, ki zauna." Yana ɗinki yana magana, idonsa a kan basilla.

Ya ce yana ɗan shekara tara aka ga wasu tabo a jikinsa. Kuturta ce. Mahaifinsa ya kai shi wani asibiti mai nisa, ya yi shekara takwas a can. Magani ya warkar da shi sarai, amma ciwon ya tafi da yatsu uku na ƙafar hagu, ya kuma kashe masa tafin ƙafar, ko wuta ya taka ba ya ji. A can ya koyi sana'a, a wurin wani tsoho mai ɗinka wa irinsu takalma marasa ƙusa. Da aka sallame shi ya taho garin da ba wanda ya san shi.

"Uwarki kaɗai na faɗa wa, kafin aure. Kin san abin da ta ce? Wai ita ba ƙafa ta zo aura ba." Ya yi ɗan murmushi. "Irin wannan ƙafar sai an jiƙa ta kullum, a kankare kaushin, a shafa mai, a duba ko wani abu ya huda ta, tunda ita ba za ta faɗa maka ba. Uwarki ce idon ƙafar nan shekara talatin da takwas. Da ta tafi na gwada da madubi, amma baya ba ya lanƙwasuwa, ido kuma ya yi rauni. Wata 'yar tsakuwa ce ta shige min takalmi, na yini ina taka ta ban sani ba."

Da ƙyar na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?"

"Da na faɗa, wa zai aure ki? Da har yau 'yar kuturu ake ce miki. Wa zai ba ni takalmin ɗansa? Wa zai sa baki a ƙoƙon da na sha? Likitoci sun ce ba na sa wa kowa, amma ki je ki gaya wa mutane haka. Shi ya sa nake tsayawa a ƙarshen layi, kada ranar da asiri ya tonu wani ya ce na cuce shi. Ku kuna cewa tawali'u. Tsoro ne, Uwata."

Na durƙusa a cikin takalman mutane ina ba shi haƙuri. Na ce to mu je wurin Nas a ɓoye, ba wanda zai ji. Ya ce, "Mutum ɗaya na taɓa buɗe wa, ta tafi da abinta. A bar maganar." Ya ɗauki guduma ya ci gaba da bugu, na san an rufe zancen.

Na koma wurin Fasto da kunya na ce ya cire sunan, kuskure na yi. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Na ji. Amma kujerar a bar ta, ba ta tsare wa kowa hanya ba."

Ranar Alhamis da ƙarfe biyar coci ya cika, rana tana shigowa ta tagogin yamma. Mutum goma sha ɗaya suka zauna a gaba, ƙafafu sai sheƙi, kujera ta ƙarshe ba kowa. Mai Kanti ne a kusa da ita. Baba yana tsaye da daronsa kamar kowace shekara, goshinsa yana naso saboda zazzaɓi. Aka karanta labarin wankin ƙafar, har da almajirin nan da ya janye ƙafarsa don yana ganin bai dace Ubangijinsa ya taɓa ta ba, aka kuma nuna masa cewa wanda ya ƙi a wanke shi ya yanke kansa daga mai wankin. Na sha jin wannan karatu, amma ranar ban iya ɗaga kai ba.

Fasto ya tsufa ƙwarai a lokacin. Da gwiwa yake jan jiki daga kujera zuwa kujera, Baba yana matsar masa da daro. Da ya gama da na goma sha ɗaya, sai ya zauna a kan dugadugansa yana haki, ya leƙa cikin daron. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, da murya irin ta mai hira:

"Jama'a, ku duba ruwan nan, har ana iya dafa shayi da shi. Shekara ashirin da shida ina karya gwiwata a kan ƙafafun da aka riga aka wanke. Ko sau ɗaya ba ku taɓa kawo min aiki ba. In haka kuke yi wa Ubangiji, to gaskiya ya sha wahalar banza ranar Juma'a."

Aka kwashe da dariya, Mai Kanti har da buga cinya. Ban san ko da Baba yake ba, har Fasto ya mutu ban tambaye shi ba. Amma in akwai wanda ya san gaskiyar maganar, Baba ne, don shi yake zubar da farin ruwan nan a bayan coci duk shekara. Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon daron da ke hannunsa, sai na ga ya taka a hankali, ya ajiye shi a gaban kujerar da ba kowa, ya zauna.

Dariyar ta ɗauke. Ya sunkuya ya kwance igiya. Ya cire takalmin. Safar ta manne, sai da Fasto ya tsiyaya ruwa a kai kafin ta saki. A nan na ga ƙafar ubana karo na farko. Ta kumbura, ta yi baƙi, yatsu biyu ne kawai a jikinta, ga miki a tafin wanda babban yatsan hannu zai shige. Wari ya tashi. Wata mata a baya ta ce, "Wayyo Yesu!" Mai Kanti ya ja kujerarsa gefe, ƙarar ta cika cocin.

Baba ya ɗago, ya dubi jama'a, ya faɗa da bakinsa: "Kuturta ce. Na warke tun ba a haifi yawancinku ba. Wannan mikin kuwa tsakuwa ce ta ji min."

Fasto ya matso da gwiwa. Hawaye suna bin fuskarsa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ka sa ni jira, Mai Takalmi." Ya tallafi ƙafar da hannu biyu ya sa a daro. Ya daɗe a kanta fiye da yadda ya daɗe a kan sauran goma sha ɗayan gaba ɗaya, yana bin tsakanin yatsu biyun, yana bin inda babu yatsun. Ruwan ya juye ya zama ja-ja, ya yi kauri.

Nas ba ta jira an kira ta ba. Ta keta layi ta fito, ta durƙusa ta duba, ta juyo da muryarta ta asibiti: "Duk wanda ke tsoro ya kwantar da hankalinsa, wanda ya sha magani ya warke ba ya sa wa kowa. Baba, kai kuma ka ci amanarmu. Gobe ƙarfe bakwai ina jiranka, in ba ka zo ba da kaina zan ɗauko ka." Ta naɗe ƙafar da tawul mai tsabta. Ni na ɗauki daron na kai bayan coci, tunda mai ruwan yana zaune. Na zubar, na tsaya a wurin na yi kukan da ban gama yi ba a jana'izar Mama.

Da aka zo shan ƙoƙo, Baba ya ɗingisa ya koma ƙarshen layi, sabo ya riga ya kama shi. Na tashi na tsaya a bayansa. Nas ta tsaya a bayana, direban nan mai sabulun wanki ya biyo ta. Mu uku ne kawai, ba zan ƙara ko mutum ɗaya don labari ya yi daɗi ba. Baba ya waiwayo ya gan mu, ya juya da sauri. Ya sha, na karɓa na sha.

Ranar Juma'a da safe muka je asibiti. Nas ta ce da an ƙara wata ɗaya, da sai dai a yanke daga gwiwa. Aka wanke, aka yi allura, aka naɗe da bandeji, aka hana shi takawa sai dole. Da rana aka kai shi coci a mota, ya zauna ya ɗora ƙafar a kan ɗan benci a gaban kowa, aka karanta labarin gicciye. Duk shekara a ranar nakan yi ƙoƙarin matso hawaye don in ji na yi ibada. Wannan karon ban yi ƙoƙarin komai ba, na zauna kusa da ubana kawai ina ji, maganar Mama ta wurin guga tana dawo mini.

Asabar kuwa rigima muka yi. An ce ya huta, ya ce a kwaso masa sauran takalman mutane gida, ba zai bar kowa ya shiga Ista da ɓallen dunduniya ba. Da ya gama sai na ga ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya ɗora ƙafar hagu da bandejinta, ya miƙo min fensir. "Zana min, Uwata, bayana ba ya kaiwa." Na durƙusa na zagaye ƙafar da fensir. Kafin rana ta faɗi ya ɗinka wa kansa buɗaɗɗen takalmi, na farko a rayuwarsa, da maɗauri biyu masu faɗi a sama, tunda babu yatsan da zai riƙe igiyar tsakiya. Da ya gama ya zura hannu ciki ya rufe ido ya laluba, sau biyu.

Da shi ya shiga coci ranar Lahadin Tashi, da sanda a hannu, kowa da takalminsa mai ƙyalli wanda ya fito daga hannunsa. Ana ta waƙa ana tafi. Da aka karanta inda Almasihu, bayan ya tashi, ya nuna wa almajiransa hannuwansa da ƙafafunsa da gurbin ƙusoshin, sai Baba ya taɓo ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "Kin ji ko? Ashe shi ma da tabonsa ya fito."

Ba komai ne ya zama zuma ba bayan nan. Gida biyu sun daina kawo masa takalma har ya mutu. An tsokani 'yata a makaranta, na je na yi rashin mutuncin da har yau malaman suke tunawa. Mai Kanti ya yi wata uku yana kewaye layin, sai wata safiya ya zo ya ajiye takalminsa a kan bencin ya tsaya yana kame-kame. Baba ya juya takalmin ya ce, "Har yanzu kana cin dunduniya ta waje. Zauna."

Mikin ya ɗauki wata biyar kafin ya rufe. Baba ya ƙara shekara bakwai a duniya, da ƙafafunsa biyu aka binne shi. A cikin shekarun nan, kowace yamma ni nake zaro farin daron Mama in ɗumama ruwa, kuma ba mu taɓa sa sakata ba. Jikokinsa sukan zauna suna kallo, suna gardamar wa zai riƙe tawul. A bakin daron nan na ji duk labarin rayuwarsa, abin da shekara talatin da huɗu ba su ba ni ba. Ina kewar wannan rabin awar fiye da yadda zan iya faɗa.

Shagon yanzu wani mai sayar da waya ne a ciki. Fasto ya rasu, Nas ta yi ritaya. Takalmin nan mai maɗauri biyu yana nan a ɗakina, na hagun ya lotsa a gaba, inda ba yatsu.

Bana aka sake karanta sunana cikin goma sha biyun. Ranar Alhamis na dawo daga makaranta a ƙafa, ƙafafuna sun yi butu-butu, ga faso ya tsage min dunduniya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a banɗaki da dutsen kaushi a hannu ba, har na jiƙa shi. Na tsaya ina kallonsa, sannan na mayar da shi inda na ɗauko. Na sa silifa na fito. 'Yata, wadda yanzu ta fi ni tsayi, ta bi ƙafafuna da kallo ta riƙe baki.

"Mama, haka za ki tafi? Ba za ki wanke ƙafa ba?"

Na ce, "A can za a wanke. Ɗauko mayafinki, kada mu makara."